Tsohon Taram Da Kyamarar Waya: Yadda Ake Ɗauka, Yadda Ake Gyarawa, Da Inda Amana Ta Shigo

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba, da kuma masu cewa sun fi gane karatu. Daga nan Jabo nake magana, ƙaramar hukumar Tambuwal. Ina gaida mutanen Kebbe da Dogon Daji da Sanyinna, da duk wanda ke bibiyarmu daga nesa.

Yau za mu ɗan huta da maganar siyasa. Zancen hoto za mu yi, hoton wani abin hawa da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba, wato taram. Na san wani zai ce, to mu da ko jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba, ina ruwanmu da taram? Ka yi haƙuri ka biyo ni, kafin mu gama za ka ga inda maganar ta dawo ƙofar gidanku.

Mene ne taram?

Taram ƙaramin jirgin ƙasa ne na cikin gari. Layin dogonsa a shimfiɗe yake a kan titin da motoci da mutane ke bi, ba a daji ba. Yawanci tarago ɗaya ne zuwa uku, wutar lantarki yake sha daga wayar da aka ja a samansa, yana tsayawa tasha-tasha kamar bas. Kafin lantarki, dawaki ne ke jan sa, a wasu garuruwan kuma injin tururi.

Ni dai a Iskandariyya ta ƙasar Masar na fara ganin sa. Na je ziyarar wani abokina da ke karatu a Alƙahira, sai muka hau jirgi muka tafi bakin teku na kwana uku. Taram ɗin Iskandariyya ya fara aiki ne a 1863, aka mayar da shi na lantarki a 1902, kuma shi ne mafi tsufa a Afirka. Kala biyu na gani. Akwai shuɗi na layin Raml, wanda a lokacin yake tashi daga tashar Raml ya nufi gabas har unguwar Fiktoriya, a cikinsa har da mai hawa biyu, sama da ƙasa. Irin wannan mai bene a duniya sai Hong Kong da Blackpool ta Ingila aka san su da shi. Akwai kuma ruwan ɗorawa na cikin tsohon gari, wanda wasu taragansa kwance ne da aka sayo daga birnin Kopenhagen na Denmak lokacin da su can suka rufe nasu layin a 1972. Ka ji fa, abin da wani gari ya yar, wani ya ɗauka ya yi shekara da shekaru yana kai yara makaranta da shi.

Akwai irinsa a wasu wurare da 'yan uwanmu ke zuwa. Masu zuwa sarin kaya Istanbul sun san jan taram ɗin titin Istiklal, wanda ke zirga-zirga tsakanin Taksim da Tunel. An rufe tsohon layin ɓangaren Turai na birnin a 1961, sai a 1990 aka dawo da wannan ɗan guntun don tarihi da 'yan yawon buɗe ido. A Lisbon ta Fotugal akwai mai lamba 28 da ke hawa tuddai ta cikin lunguna, a Milan ta Italiya kuma har yanzu taragan da aka fara ƙerawa a 1928 suna ɗaukar fasinja.

Najeriya ma ta taɓa yi

Wannan ne ya fi ba ni mamaki da na dawo na shiga bincike. Ashe Legas ta yi taram. An buɗe shi a 1902, mai injin tururi, yana tasowa daga Iddo ya haye gadar Carter ya shiga tsibirin Legas. Ɗaukar fasinja ta tsaya a ƙarshen 1913, amma an ci gaba da amfani da layin wajen kwashe ƙazantar gari har 1933. Yau in ka tsaya a wurin ba abin da zai nuna maka an taɓa yin sa. 'Yan hotunan da suka rage su ne shaida.

A nan Arewa, abin da ya fi kusa da shi shi ne ƙaramin jirgin da ya taso daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza. Siririn layi ne, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, daidai da na taram ɗin Legas, an gama shi a 1914, aka rufe a 1957. Wasu kawunan jirgin suna nan a ajiye a harabar gidan tarihi na Jos. Babban layin kuwa ya isa Kano a 1911, reshen da ya biyo ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Nan ne iyakar kusantarsa da mu. Kakanninmu da suka ce sun hau jirgi, can suka je suka hau.

Da na dawo gida ina nuna hotunan Iskandariyya a waya, sai wani kawuna ya karɓa ya duba ya duba, ya ce da ni: "Kai ɗana, mi kaka yi da hoton tsohon ƙarhe? Ba ka ga gidaje masu kyau ba ka ɗauko muna?" Muka yi dariya. Na ce: "Kawu, motar da kuka riƙa hawa zuwa Jega kuna samari, ina hotonta?" Ya yi shiru, sannan ya fara ba ni labarinta, launinta, rubutun da ke bayanta, yadda ake tura ta in ta mutu a rairayi. Ya yi kusan rabin awa yana bayani. Hoto ko ɗaya babu. Daga shi sai 'yan tsararsa kaɗan ne suka rage masu iya siffanta ta.

To wannan shi ne dalilin shirin yau. Alƙahira ta yi taram tun 1896, a 'yan shekarun nan aka tattare ragowar layinsa na unguwar Misra Jadida aka faɗaɗa titi. Ita ma Iskandariyya hukumomi sun daɗe da fitar da shirin sabunta layin Raml da sababbin taragai. Abin hawa ba ya sallama in zai tafi. Mutanen Kano sun kwana da acaɓa a Janairun 2013, suka wayi gari an hana.

Kafin ka danna

Mu zo ga aikin. Duk abin da zan faɗa da waya na yi shi, ba ni da babbar kyamara.

Na farko, goge gilashin kyamararka. Kar ka raina wannan. Wayar da ta kwana a aljihu, ga zufa ga maiƙon hannu, hotonta dole ya fito kamar an shafa mishi man kaɗe. Gefen riga mai laushi ya wadatar.

Na biyu, lokaci. Rana tsaka ita ce mafi munin lokacin ɗaukar abin hawa, domin hasken daga sama yake dukan rufi, gefen tarago da fuskokin mutane su yi duhu, gilashi ya yi ta walƙiya. Ka fita da hantsi kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya. A lokacin hasken a kwance yake zuwa, yana fito da tsatsa da ɓawon fenti da lanƙwasar ƙarfe, waɗanda su ne kyan tsohon abu. Rana ta kasance a bayanka ko a gefen kafaɗarka. Akwai kuma 'yan mintuna bayan faɗuwar rana, sama ta yi shuɗi, an kunna fitilun cikin tarago. In ka yi sallar magariba da wuri ka fito za ka iya riskar ƙarshensa.

Na uku, wuri. Kuskurena na ranar farko shi ne bin taram da gudu ina dannawa. Na ɗauki hoto ya fi ɗari, biyar ba su yi kyau ba. Washegari na canza dabara. Tunda taram ba ya kauce wa layinsa, ka san ainihin inda zai bi. Sai ka zaɓi wurin da bayansa ya yi maka, ko kwana, ko gaban tsohon gini, ko kusa da mai shayi, ka daidaita komai, ka tsaya ka jira shi ya shigo cikin hoton da kansa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, a nan ma haka ne.

Ka kunna layukan nan na raba allo gida tara, suna cikin saitin kyamarar kusan kowace waya. Kar ka dasa abin hawan a tsakiya kullum. Ajiye shi a kan ɗaya daga cikin layukan, ka bar fili a gabansa, wajen da ya nufa, don ido ya ji cewa tafiya yake. Layin dogon da wayoyin sama su ma kayan aiki ne, in ka bari suka taso daga kusurwar hoto suna jan idon mai kallo har zuwa kan tarago. Ka gwada durƙusawa. Hoton da aka ɗauka daga daidai gwiwa yana ba abin hawa kwarjini fiye da na tsaye.

Kuma ka rage zum da yatsa. A yawancin wayoyi wannan zum ɗin yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi, inganci ya zube. In wayarka na da kyamara ta biyu mai alamar 2x ko 3x, yi amfani da ita. In babu, taka da ƙafarka ka matsa.

Saurin ƙiftawa

Wannan shi ne ɗan lissafin da ke cikin shirin, kar ku gudu. Kyamara kamar ido take, tana buɗewa ta rufe. Tsawon lokacin da ta yi a buɗe shi nake kira saurin ƙiftawa. In ka shiga sashen Pro na kyamarar Android za ka ga lambobi kamar 1/30, 1/125, 1/500. Ma'anar 1/500 ita ce daƙiƙa ɗaya a raba ta gida 500, a ɗauki ɗaya.

A ce taram na tafiyar kilomita 18 a awa. Wato mita 5 ke nan a kowace daƙiƙa. In ka ɗauka a 1/500, kafin kyamara ta rufe santimita 1 kacal ya matsa, hoto zai fito tsaf kamar a tsaye yake. In ka ɗauka a 1/30, ya matsa kusan santimita 17, sai ka ga ya yi dishi-dishi. Saboda haka in kana son ka daskarar da shi, ka zaɓi 1/250 zuwa 1/500.

Amma akwai dabarar da ke juya wannan matsalar ta zama ado. Ka sa 1/30, ka kafe ƙafafunka, ka manne gwiwar hannu a jiki, ka riƙa bin taragon da waya daidai saurinsa kana juya ƙugu, ka danna kana cikin juyawar, kar ka tsaya sai ya wuce. In ka dace, taragon zai fito garau, gine-ginen baya su zama zare-zare, mai kallo ya ji gudun a jikinsa. Cikin goma wataƙila ɗaya ya yi. Da rana tsaka 1/30 zai cika hoton da haske har ya yi fari fat, don haka dabarar ta yamma ce ko inuwa. Kuma ba sai ka je Masar za ka koya ba. Tsaya nesa kaɗan da bakin titin Sakkwato zuwa Jega ka gwada da 'yan kabu-kabu.

Sai ISO. Shi kuma ƙarfin jin haske ne. Da rana bar shi ƙasa, 50 ko 100. Duk yadda ka ɗaga shi, haka hoton ke cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa mishi gero. In wayarka tana da zaɓin RAW, kunna shi a hotunan da ka ɗauka da muhimmanci. Yana cin wuri sosai, amma yana ajiye bayanan haske da launi da za su yi maka amfani wajen gyara.

Hoto uku, ba ɗaya ba

Duk abin da na tsaya ɗauka yanzu, iri uku nake yi mishi. Na nesa, wanda ke nuna abin hawan da unguwar da yake ciki. Na tsakiya, wanda ke nuna shi da mutanensa, kwandasta na yagar tikiti, tsoho na sauka, ɗalibai na rububin shiga. Sai na kusa: lambar tarago, farantin kamfanin da ya ƙera shi, kujerar da ta goge don zama, tikitin da ke hannunka. Wannan na ukun shi mutane suka fi mantawa, alhali shi ne mai bincike zai fi nema nan da shekara hamsin, domin lamba da faranti su ke faɗin shekara da asali.

Ladabi da tsaro

Kar ka tsaya a kan layin dogo don neman hoto. Ƙarfe a kan ƙarfe yake tafiya, ba ya tsayawa nan take kamar mota, kuma ba ya iya kauce maka. Cire abin kunne. Hoto bai kai rai ba.

Mutane kuma ba kayan ado ba ne. Lokacin da na je, a taram ɗin Raml akwai taragon da aka keɓe wa mata, ban ko ɗaga waya ta wajen ba. A 2022 gwamnatin Masar ta sassauta dokar ɗaukar hoto a titi ga mai ɗauka don kansa, amma ta hana ɗaukar yara, babba kuma sai da izininsa. Ko babu doka, tarbiyyarmu ta ishe mu. Yi sallama, nuna wayar, ka tambaya. In an ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In an yarda, nuna wa mutum hoton bayan ka ɗauka. Wuraren sojoji da 'yan sanda da shingen bincike kuwa, a kowace ƙasa, mayar da wayarka aljihu. Manyan tashoshi ma ka nemi ma'aikaci ka tambaya tukuna. Ni an taɓa tsayar da ni a wata tasha aka sa na goge hotuna, kuma laifina ne, ban tambaya ba.

Gyaran hoto

Manhaja biyu nake amfani da su, Snapseed wadda kyauta ce, da Lightroom ta waya wadda mafi yawan abin da muke buƙata a cikinta ba a biya. Kafin komai, ka ajiye asalin hoton, ka yi aiki a kan kwafi. Ga jerin da nake bi.

Ina fara da zaɓe. Cikin hoto ɗari, goma nake warewa. Wannan ya fi kowane mataki wuya, don kowanne kana jin kamar ɗanka ne.

Sai miƙewa. Ka duba turakun wuta da gefen gini, su tsaya a tsaye. Hoto karkatacce ko an zuba mishi launin duniya ba ya zama daidai. Daga nan ka yanke gefen da ba ya ƙara komai.

Sai haske. Rage wuraren da suka yi fari da yawa, kamar sama da rufin tarago, har gajimare ya dawo. Ɗaga wuraren duhu kaɗan don a ga ƙafafun ƙarfe da fuskar direba. Kaɗan na ce. In ka ɗaga inuwa gaba ɗaya hoton zai zama fayau, ba zurfi.

Sai zafin launi. Fitilar titi kan sa hoto ya yi ja-ja, inuwa kan sa ya yi shuɗi-shuɗi. Nemi wani abu da ka san fari ne a wurin, kamar rigar wani ko bango, ka daidaita har ya koma fari. Sauran launukan za su biyo.

Sai ƙarfin launi, inda yawancinmu ke faɗuwa. Mun saba jan wannan layin har ƙarshe, sama ta zama kamar shuɗin bula, fatar mutum ta koma ruwan lemo. Shuɗin taram ɗin Raml ya koɗe, rana da iskar teku sun ci shi, kuma wannan koɗewar ita ce shekarunsa. In ka mayar da shi sabo fil, ka goge abin da ya kai ka wurin. A Lightroom akwai inda za ka taɓa launi ɗaya kaɗai ka bar saura, ya fi aminci.

Mu nan muna da ƙarin matsala, hazon hunturu. Akwai maɓallin rage hazo a Lightroom, yana aiki, amma in ka matsa mishi sama za ta yi dauɗa, gefen abubuwa ya yi baƙi. Wani lokacin ma barin hazon ya fi, don duk wanda ya gani ya san watan da aka ɗauka.

Na ƙarshe shi ne kaifi, ɗan kaɗan. In ka gama, ajiye wayar ka yi wani abu, ka dawo bayan awa ɗaya ka kwatanta da na asali. Sau da yawa za ka ga ka wuce gona da iri, sai ka rage rabi.

Inda amana ta shigo

Yanzu wayoyi da yawa na da abin goge mutum ko turken wuta da taɓawa ɗaya, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za su sa maka gajimaren da babu shi a ranar. To ina iyaka?

Ga ma'aunin da nake bi. Duk gyaran da zai kusantar da hoton ga abin da idona ya gani, halas ne a wurina: haske, launi, miƙewa, yankewa. Duk wanda zai sa wani abu da babu, ko ya cire abin da ke nan, ya zama zane, kuma dole in faɗa. Masu aikin jarida ba sa wasa da wannan. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya taɓa cin kyautar Pulitzer, saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa da ta fito a kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. A gasar World Press Photo ta 2015, kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida.

Za ka ce ai ni ba ɗan jarida ba ne. Haka ne, amma hotonka zai iya fin ka tsawon rai. Na ɗauki wani hoto a Iskandariyya, taram ruwan ɗorawa ya fito kyakkyawa, sai ga wata mota ta zamani da tallar kamfanin waya a gefe. Na goge su, na sa filtar baƙi da fari, ya fito kamar na shekara sittin da suka wuce. Na tura wa abokai. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo mini ta wani zauren WhatsApp, wani ya rubuta a ƙasa wai tsohuwar Legas ce kafin 'yancin kai. Na yi ta bayani ni na ɗauka, bara-bara ɗin nan, a Masar. Wasu har gardama suka yi da ni. Tun daga ranar na daina cire komai, in kuma na mayar da hoto baƙi da fari sai na rubuta shekarar a jikinsa.

Ku duba yadda muke yaɗa hotunan dalar gyaɗa ta Kano, kowa da shekarar da yake liƙa musu. Da masu ɗauka da masu turawa sun riƙe bayanin, da ba a yi ta jayayya ba.

Ajiya

Hoto ba bayani rabin hoto ne. Rubuta abu huɗu: wuri, rana da shekara, mene ne a ciki, wa ya ɗauka. Kar ka dogara da bayanan da waya ke ɓoyewa a cikin fayil, domin Facebook da WhatsApp suna share su in ka ɗora, suna kuma matse hoton ya rage inganci. In za ka tura wa wani don ajiya, tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ta kullum ba.

Ka ajiye a wuri biyu aƙalla. Asusun Google na ba da gigabait 15 kyauta, ka haɗa da memori ko kwamfutar wani ɗan uwa. Mu nawa ne wayarmu ta faɗa ruwa ko aka sace, hotunan shekara biyar suka tafi? Waɗanda suka fi kyau kuma ka wanke su a takarda. In kana son duniya ta amfana, akwai Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ke ɗaukar hotuna, har gasar Wiki Loves Africa ake yi tun 2014, kuma akwai matasa masu rubuta Wikipedia ta Hausa da ke buƙatar hotunan garuruwanmu. Sai dai ka sani, in ka ɗora a can ka ba kowa izinin amfani da shi matuƙar ya ambaci sunanka.

Namu taram ɗin

Mu dawo gida. Ba mu da taram a Jabo, amma muna da abubuwan da ke kan hanyar da ya bi. Tsohuwar Marsandi 911 mai bodin katako da zanen zaki da dawisu a baya. A-kori-kura da ke kai kaya kasuwannin ƙauye. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda a da ita ce motar tasha, yau sai ka yi sati ba ka ga ɗaya ba. Amalanken shanu, ayarin raƙuma, jakai da mangala, kwalekwalen masunta a fadama. Yau sun zama ruwan dare har ba ma ganin su. Haka motar kawu ta kasance a zamaninta.

Ga aikin da nake ba mu wannan makon. Ranar kasuwar garinku, fita da hantsi, nemi abin hawa mafi tsufa a tasha. Gaida mai shi da ladabi, ka ce: "Baba, don Allah ina son in ɗauki hoton motar nan don tarihi." Yi mata hoto ukun nan, na nesa, na tsakiya, na kusa. Tambaye shi shekarar da ya same ta da hanyoyin da ta bi, ka rubuta. Gyara haske da launi, kar ka cire komai, ko igiyar da aka ɗaure ƙofa da ita. In ka wanke, kai mishi kwafi ɗaya. 'Yan uwa mata, ku ma akwai naku, kuma kuna shiga inda mu ba ma shiga: keken ɗinkin Inna, tsohon dutsen guga na gawayi, jeren kwalla da samira a ɗakin kaka.

Wanda ya yi, ya turo mana da sunan gari da rana, za mu zaɓi wasu mu tattauna a kansu a shiri na gaba, mu faɗi abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Ni ma zan kawo nawa, kuma na yi wa kawu alkawarin in na samu irin motar da ya siffanta mini, tare za mu je ya tsaya a gabanta in ɗauka.